Wane misali zan kafa hujja da shi a insha'in jarrabawa?

Wata yarinya daga Mamobi, unguwa a nan Akra, 'yar wani tsohon maƙwabcinmu, ta aiko mini da tambaya, kuma da izininta nake amsawa a fili, don na san ba ita kaɗai ke fama da abin ba. Ga taƙaicen abin da ta ce:

"Baba Malam, salamu alaikum. Na rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, bara, Turanci ya ba ni D7, ga shi makarantar koyon aikin jinya da nake so sai da C6. Zan sake zama a ta Nuwamba da Disamba. Insha'i ne ke kayar da ni. In na karanta tambaya ina da abin faɗa, amma da na zo kawo misali sai kaina ya ɗaure. Yayana ya ce in haddace maganganun Mandela da na Nkrumah da 'yan alƙaluma, in riƙa zubawa duk inda na samu wuri. Ƙawata kuma ta ce in ƙirƙira kawai, ba mai bincikawa. Wanne zan bi? Ina kuma da niyyar IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman fita waje, nan gaba in Allah ya yarda."

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba da sa'a, ya sa wannan zaman shi ne na ƙarshe. Shekara 20 da ɗoriya ina koyar da Turanci a nan Akra, da safe a sakandare, da yamma a ajin masu sake zama, kuma jan biro nawa ya ƙare a hannuna kan takardun gwaji ban san adadi ba. Abin da zan gaya miki daga nan ya fito. A taƙaice, kada ki bi yayanki ido rufe, kada kuma ki bi ƙawarki ko da ido buɗe. Misalin da zai ba ki maki shi ne wanda kika san cikinsa da bayansa, ko da kwatar bayan gidanku ce.

Mu fara da yadda ake raba makin, don yawancin yara suna shiga ɗakin jarrabawa ba su taɓa jin lissafin ba. A tsarin da muka saba da shi, insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne. Tambayoyi biyar ake ba ki, ki ɗauki ɗaya, ki rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, a cikin kamar minti 50. Maki 10 na abin da kika faɗa ne, 10 na yadda kika tsara shi, 20 na yadda kika sarrafa harshe, 10 na ƙarshe kuma na tsabtar rubutu, wato nahawu da haruffa da alamomin tsayawa, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. In kin duba sama-sama sai ki ce ashe misali goman farko kawai ya shafa, me zai sa in damu? Nan ne yara ke ruɗuwa. Misalin da kika ɗauka shi ke yanke irin Turancin da zai fito daga bironki. In kina ba da labarin abin da idonki ya gani, jimlolinki kan zo gajeru, a miƙe, aikatau yana inda ya kamata. In kuwa kina jawo abin da kika haddace rabi da rabi, sai ki ga jimla ta yi tsawo ta rasa inda za ta sauka, sunan baƙon gari ya zo da kuskuren harafi, lokacin aikatau yana tsalle daga jiya zuwa gobe. Misali guda mara kyau yana iya taɓa makin gida huɗun nan gaba ɗaya.

Bari in nuna miki da tambayar da ke yawan dawowa da kama daban-daban: ki rubuta maƙala don bugawa a jarida kan dalilan ambaliya a garinku, ki kawo akalla uku. Da Turanci za ki rubuta, amma zan sa miki da Hausa don ki ga ƙashin abin. Ga irin sakin layin da nake gani sau ɗari a shekara:

"Zubar da shara barkatai yana kawo ambaliya. Misali, a ƙasashe da yawa na duniya mutane suna zubar da shara ko'ina, kuma hakan yana jawo ambaliya mai tsanani da ke halaka rayuka da dukiyoyi."

Yaron ya rubuta kalmar "misali", amma babu misali a wurin. Maganar farko ya maimaita, ya sa mata babbar riga. Ba gari, ba rana, ba mutum, ba abin da mai karatu zai gani da idon zuci. Yanzu ki dubi wannan:

"Dalili na farko shi ne sharar da muke cusa wa magudanan ruwa. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ruwan sama aka gina ta ta kwashe zuwa kogin Odaw, amma duk rani cika take da ledar fiya wata da robobi da tsummoki. In ruwan Yuni ya sauka da ƙarfi, sai ya tarar da hanyarsa a toshe, ya hau titi, ya shiga ɗakuna. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwan da ya rasa hanya ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya bi saman ruwan daga wani gidan mai da jama'a suka fake a cikinsa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Ruwan sama ba mu da iko da shi, amma ledar da ta tare masa hanya daga hannunmu ta fito."

Kin ga bambancin? Ba wata kalma mai wuya a ciki. Abu uku ne suka haɗu: an faɗi magana, an kawo abin da ya faru a wani wuri a wata rana, sannan aka ɗaure su da jimlar ƙarshe. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce yara suka fi mantawa. Sukan ajiye misali su wuce, kamar wanda ya kawo shaida gaban alƙali ya zaunar da shi, bai ce masa ya buɗe baki ba. Duk lokacin da kika gama ba da misali, ki tambayi kanki, "To, sai me?" Amsar da kika ba kanki ita ce jimlar da za ki rubuta a gaba. In kin rasa amsa, misalin ba na wannan sakin layin ba ne, ki cire shi komai daɗinsa.

Wannan shi ya kawo ni kan shawarar yayanki. Ba ƙin Mandela nake ba, ba kuma ƙin Nkrumah ba. Matsalar ita ce zanen aro ba ya rufe katara. Na taɓa duba takardar gwaji inda aka tambayi yara hanyoyin tsabtace unguwa, wani yaro ya buɗe da maganar nan ta Mandela kan ilimi da kowane ɗalibi a Gana ya haddace, ya bi ta da shekara 27 da mutumin ya yi a kurkuku, sai a layi na tara ya tuna da bola. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ba wanda ya tambaye shi. Kuma ki sani mai duba takarda yana da tari a gabansa, ya ga wannan magana sau talatin kafin ya iso taki. Ba ta burge shi, sai dai ta gaya masa cewa ga wani mai hadda ya sake zuwa.

Inda yayanki yake da gaskiya shi ne tarihi yana da amfani in kin san shi har ciki. Ɗauki madatsar ruwa ta Akosombo. In abin da kika sani kawai shi ne Nkrumah ya gina ta, ba ki da misali tukuna, suna kike da shi. Amma in kin san an gama ta a 1965, ta ba ƙasa lantarki, ta haifar da tafkin Volta, kuma sai da aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu kafin ruwa ya cinye su, sannan a 2023 da aka buɗe ƙofofinta don rage ruwa garuruwa irin su Mepe suka nutse, to yanzu kina da abin aiki. Za ki iya kafa hujja da ita cewa manyan ayyuka na ciyar da ƙasa gaba, za ki iya kafa hujja da ita cewa talakan ƙauye ne ke biyan kuɗin ci gaban birni. Irin misalin da nake so ki tara ke nan, mai fuska biyu, wanda duk ɓangaren da muhawara ta jefa ki zai yi miki aiki.

Karatun sakandare kyauta ma haka yake, kuma wannan ke kanki kin bi ta cikinsa. An fara shi a Satumban 2017. Da yara suka yi yawa fiye da azuzuwa da ɗakunan kwana, a 2018 aka kawo tsarin karɓa-karɓa, rukunin kore da rukunin zinariya, wasu na makaranta wasu na gida. In an ce ki goyi bayan ilimi kyauta, ga 'ya'yan masu sayar da koko da ƙosai da a da kuɗin makaranta ke tsayar da su bayan BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, yanzu sun shiga aji. In an ce ki yi suka, ga dogon hutun da yaro ke zaune a gida har abin da ya koya ya bi iska. Ba sai kin je Amurka neman hujja ba, ajinku ma ya isa.

Sai dai akwai tarko a misalin gida, kuma 'yan Nima sun fi kowa faɗawa cikinsa. Sunansa Mohammed Kudus. Duk tambayar da ta shafi wasanni, ko talauci, ko ƙwazo, sai ka gan shi. Ɗan Nima ne, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya tafi Denmak, Ajax ta ɗauke shi a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2022, ya koma West Ham a 2023. Muna alfahari da shi, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ki lura da abin da labarinsa ke iya tabbatarwa. In maganarki ita ce akwai baiwa a zango da ke bukatar a nemo ta a raine ta, Kudus shaida ne mai ƙarfi. In kuwa maganarki ita ce ƙwallo ta fi karatu fitar da matasa daga talauci, to ya zama shaidar da za a juya a kanki, domin mai hankali zai tambaya, yara nawa suka buga ƙwallo tare da shi a fili ɗaya, ina suke yau? Mutum ɗaya da ya yi fice yana nuna abu mai yiwuwa ne. Ba ya nuna haka abin ya saba faruwa. Kafin ki ɗauki misali, ki auna girman maganar da kike so ya ɗauka. In maganar ta shafi yawancin mutane, ki kawo abin da ke faruwa da yawancin mutane.

Sai batun wuri. Ki yi lissafi da ni. Kalma 450 zuwa 500, ki cire gabatarwa da kammalawa, abin da ya rage wa kowane ɗaya daga dalilanki uku bai fi kalma 120 ba. A ciki za ki faɗi dalilin, ki bayyana shi, ki kawo misali, ki ɗaure. Ke nan misalin jimla uku ne ko huɗu. Duk labarin da sai kin yi dogon sharar fage kafin a gane shi, ba na wannan jarrabawar ba ne. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina: ki gaya wa ƙanwarki labarin tana wanke-wanke. In ta gane kafin ta gama kwano biyu, ya yi. In sai ta tsaya ta ce "wane ne shi kuma?", ki nemi wani. Kuma misali ɗaya da aka bi a hankali ya fi uku da aka jera kamar kayan talla. Na fi son ki ba ni gobarar kasuwar Kantamanto ta farkon Janairun 2025 ki nuna mini yadda rumfunan katako da ke manne da juna, cike da gwanjo, suka sa wuta ta ci kasuwa cikin dare ɗaya, da ki jera mini sunayen kasuwanni biyar da suka taɓa ƙonewa ba ki ce komai a kansu ba.

Ki kuma tuna wa zai karanta. Wanda takardarki za ta faɗa hannunsa mai yiwuwa malami ne a Ho ko Wa ko Tarkwa, bai taɓa taka Mamobi ba, ba ya jin Hausa. Saboda haka in kin ambaci wuri, ki ƙara masa 'yan kalmomi da za su nuna mene ne, unguwa ce mai cunkoso a Akra, kasuwar gwanjo ce, kogi ne. Kada ki jefa kalmar Hausa ko ta titi cikin Turancinki ba fassara. Dumso da galamse kowa a Gana ya san su, duk da haka a maƙala ko wasiƙar hukuma ki bayyana su sau ɗaya, ɗaukewar lantarki, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sannan ki ci gaba.

Ba ki kuma san jam'iyyarsa ba, ba ki san addininsa ko ƙabilarsa ba. An horar da shi ya yi adalci, amma ɗan Adam ne, kuma ba ki da dalilin gwada haƙurinsa. In za ki yi maganar galamse, ki yi maganar kogin Pra da Ankobra da Offin da suka koma kalar kunu, da gonakin koko da aka mayar ramuka. Ba sai kin ce wace gwamnati ta fi laifi ba. In tambaya ta zo kan zaman lafiya tsakanin addinai, kina da misali a hannu wanda ba wanda zai ji haushinsa: ranar Ista ta 2019, Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya tashi daga Fadama ya je cocin Katolika na Christ the King a nan Akra aka karɓe shi. Musulmi ya karanta ya ji daɗi, Kirista ya karanta ya ji daɗi, kuma ya tabbatar da maganarki cikin jimla biyu.

Yanzu ga ƙawarki. Abin da ta faɗa yana da asali, ba daga iska ta ɗauko shi ba. A Amurka, lokacin da jarrabawar SAT ta shiga jami'a ke da insha'i na minti 25, wani malamin rubutu na jami'ar MIT mai suna Les Perelman ya nuna a 2005 cewa tsawon rubutu ne ya fi tafiya da maki, kuma kuskuren tarihi ba ya rage wa yaro komai. Daga irin wannan ne maganar "ƙirƙira kawai" ta bazu a wuraren koyar da jarrabawa. Amma wannan insha'in an sauya shi a 2016, a 2021 ma aka janye shi daga jarrabawar da kowa ke zama. Ke kuma ba shi za ki rubuta ba. Gaskiya ne mai duba takardarki ba zai tashi ya je ɗakin karatu ya binciki alƙalumanki ba. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Da ya ga "bincike ya nuna kashi 87 cikin 100 na matasan Gana", ba sunan mai binciken, ba shekara, ya san daga ina ta fito, kuma daga nan zai fara karanta sauran da ido ɗaya. Mafi muni shi ne ki ƙirƙiri abu kan abin da ya sani. Ki ce an sami 'yancin kai a 1960, shi kuwa tun yana firamare yake maci ranar 6 ga Maris yana jin 1957. In ba ki tabbata da shekara ba, ki ce "'yan shekarun baya". In ba ki tabbata da adadi ba, ki ce "mutane da dama". Ba a rage maki don wannan. Kuma ke da za ki riƙe fayil ɗin majinyaci gobe, kina rubuta zafin jiki da bugun jini, ban so hannunki ya saba da rubuta lambar da bai auna ba.

Akwai inda ƙirƙira halal ce, kada ki haɗa su. In tambaya ta ce ki rubuta labari da zai fito da ma'anar wata karin magana, to labari aka nema, ki ƙaga abinki. A nan dukan insha'in misali ɗaya ne, kuma shawarata ki gina shi da kayan gida: mutum biyu ko uku, wuri ɗaya da kika sani, matsala ɗaya. Yaran da ke kwaso fim ɗin da suka kalla jiya, da attajiri da boka da gadon miliyoyi, kalma 450 kan ƙare musu ba su kai ga karin maganar ba. Haka in an ce ki rubuta wa ƙawarki wasiƙa ki gaya mata dalilai uku da suka sa kike son makarantarku, ba mai cewa sai kin rantse a kan kowane abu. Abin da ake so shi ne ya yi kama da rayuwa.

Irin tambayar ma yana canza irin misalin. Wasiƙa zuwa ga ƙawa ko ƙani tana son abin da ya faru da ke ko da wani na gida, da murya mai taushi. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa tana son abin da zai iya aiko mutum ya gani: wane titi, wace kwata, tun yaushe famfon ya daina kawo ruwa, mata na tafiya har ina da jarkoki. Muhawara kuwa tana da wani sirri da 'yan kaɗan ke amfani da shi. Ki yi tunanin misalin da abokin hamayyarki zai fi dogara da shi, ki kawo shi da kanki, ki nuna inda ya gaza. In kina kare cewa wayar hannu ta fi amfani da illa, kada ki yi kamar ba ki san damfarar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba, kowa ya san wanda aka kira aka ce an tura masa kuɗi bisa kuskure. Ki ambace ta, sannan ki nuna cewa maganinta wayar da kai ne, ki kawo mai sayar da wake da shinkafa da yanzu ke biyan mai kawo mata buhu ba ta bar tukunya ta hau trotro, motar haya, ba.

To ina za ki samo su, tunda kin ce kanki ke ɗaurewa? Kai yana ɗaurewa ne saboda kina neman misali a lokacin da agogo ke gudu. Aikin na gida ne, tun yanzu. Ki sayi littafin rubutu guda, ki ware shi. Ki ɗauko tambayoyin shekarun baya, na shekara goma in kin samu, ki karanta na insha'i kawai. Za ki ga abubuwan ba su da yawa, suna juyawa ne: tsabta da muhalli, ilimi da tarbiyya, shaye-shaye, rashin aikin yi, haɗarin mota, waya da intanet, al'ada da zamani, lafiya. Sai ki ba kowane shafi abu ɗaya da ya faru, ki rubuta ina, yaushe, me ya faru, me ya jawo shi, sannan a ƙasa ki jera tambayoyin da zai iya shiga. Sha biyu zuwa sha biyar sun ishe ki. Rabi daga abin da ƙasa duka ta sani, rabi daga unguwa. Dumso na 2015, ki tambayi telan layinku yadda ya yi da ɗinkin salla, ki tambayi mai sayar da kifin sanyi abin da ya zubar. Kullen korona da aka sa wa Akra da Kumasi a ƙarshen Maris 2020 na mako uku, da watannin da makarantu suka yi a rufe, ke kanki shaida ce. Tsadar kaya ta 2022, da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, mahaifiyarki za ta gaya miki abin da kwanon masara ya koma, kuma bayaninta ya fi na kowane littafi. Abin da kika ji a gida, ki tabbatar da shekararsa a littafin nazarin zamantakewa ko a jarida irin Daily Graphic kafin ki rubuta. Sannan ki rubuta kowane misali da Turanci cikin jimla uku, ki kai wa malami ya gyara. Kalmomin da za ki tsinta a nan, na toshewa da malala da ƙonewa da tsada, su ne za su ciyo miki maki 20 ɗin nan na sarrafa harshe. Ba haddar jimlolin nake so ki yi ba, ki san abin ne har ki iya faɗinsa ta hanya uku.

Ranar jarrabawa kuma, kada ki zaɓi tambaya don ta yi kama da mai sauƙi. Ki karanta duka biyar, a gefen takardar tambaya ki sa kalma ɗaya ɗaya na misalan da suka zo miki a kan kowace. Wadda ta tara uku masu ƙarfi ita ce taki, ko da wasiƙar hukuma ce da kike jin tsoro. Minti biyar zuwa bakwai wannan zai ci, kuma ba asara ba ne. Yaran da suka fara rubutu tun kafin mai tsaro ya koma kujerarsa su ne nake gani sun tsaya cak a tsakiyar shafi na biyu suna cizon biro. Dalilin da ya fi ƙarfin misali ki sa shi farko ko ƙarshe, mai rauni ya shiga tsakiya. In dalili yana da kyau amma kin rasa abin da ya faru da za ki jingina shi da shi, ki zana yanayin da kowa ya sani, kamar ɗan acaba da ya ɗauki mutum biyu ba hular kwano yana kutsawa tsakanin motoci. Wannan ma misali ne, muddin ba ki laƙaba masa ranar ƙarya da sunan ƙarya ba.

IELTS ba zan tsawaita ba tunda da sauran lokaci. Rubutu na biyu a can kalma 250 ne akalla, cikin kamar minti 40, kuma takardar da kanta tana cewa ki kawo misalai daga saninki ko abin da kika taɓa gani. Ana auna abu huɗu: amsa tambaya, haɗuwar magana, yalwar kalmomi, da nahawu. Littafin nan naki zai yi miki aiki a can ma, sai dai wuri ya fi ƙunci, jimla biyu ga kowane misali, kuma ki ɗauka mai karatun bai taɓa jin sunan Nima ba. A maimakon sunan kwata, sai ki ce a unguwarmu a babban birnin Gana, ki ci gaba. Can ma rubutun da aka gane haddacce ne yana jawo asarar maki, don haka shawarar yayanki ta fi haɗari a can fiye da nan.

Ga aikin da zan ba ki kafin Juma'a. Tambayar ita ce: ki rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa kan matsaloli uku da ke damun unguwarku. Kada ki rubuta wasiƙar duka. Sakin layi ɗaya nake so, kan matsala ɗaya, kalma 120, da misalin da kika gani da idonki a Mamobi cikin wannan shekarar, ki ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta amsa "to, sai me?". Ki ba ƙaninki ya kawo mini bayan sallar La'asar, ina nan ajin yamma har Magariba. Ki gaida mahaifinki, ki ce masa ina nan tafe.